Littafin da Iyaye Suka Ƙi

A tashar motar garin Dong Ha, wata tsohuwa ta leƙa littafin da ke hannun Malam Thuan, malamin makarantar unguwarsu.

"Ɗan nan, wannan labarin yaƙin za ka koya wa 'yan sakandare? An ce duk gawarwaki ne."

"Ina dai shawara, Iya. Iyaye sun ce 'yan shekara sha bakwai sun yi ƙanƙanta."

"Sun yi mana! Shekarun ƙanena Khiem ke nan da aka ba shi bindiga. Ko gemu babu."

"Ya dawo?"

"Kabari muka yi masa, ba kowa ciki." Ta shafa bangon littafin. "In sun hana ka, ba ni in ƙona, hayaƙin ya kai masa, yadda muka saba aika wa mamata kaya. Mayen karatu ne, ya tafi ba ko littafi a jakarsa."