Itacen Bakin Rijiyata

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Garba manomi, daga Ruwan Godiya, ƙasar Faskari. A yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Tun farkon kaka matata Hure ta ce mini, "Malam, gara ta cinye itacen bakin rijiya." Na ce gobe. Ba lalaci ba ne. Kullum in na fita da niyyar saro wani, sai a tare ni da gayyar yankan dawa, in ji kunya in bi.

Ran Talata da hantsi, Hure da tsohon cikinta ta taka itacen tana jan guga, ya karye. Na ji ihu, na iske ƙirjinta a bakin rijiya, ƙafafunta na lilo a ciki. Da ƙyar na jawo ta. Allah ya kiyaye, amma har yau ko kara ya karye a gidan sai gabana ya faɗi.

Yanzu aikin da barinsa ke iya kashe mutum, da shi nake farawa. Tun yamma nake gitta kayan aikinsa a ƙofar zaure, don kada in fita ban ɗauka ba. Amma masu sauraro, yaya ake ƙin gayyar maƙwabci ba a ɓata ba?

Ina gaida aminina Sule na Ƙanƙara. Sule, na ga itacen rijiyarka ran kasuwa, shi ma gara ta ci shi. Don Allah tashi daga gaban akwatin rediyon nan ka ɗauki gatari.