Hannun Hagu

A tashar Kafanchan, muna jiran mota ta cika, wata mai sayar da huluna da safa na saƙa ta tsaya gaban wata dattijuwa da ta ɗora jar suwaita a cinya.

"Mama, wa ya saƙa miki wannan?"

"Ni da kaina."

"Hannunki da kyau, amma hannun hagun nan ya fi na dama tsawo. Ki ba ni in warware, kafin direba ya gama lodi na gyara."

"Bar shi."

"Ba zan karɓi komai ba. Mai shi zai sha dariya a coci."

"Ya riga ya sha. Abednego ɗana ne. Kullum yana naɗe hannun yana mini tsiya."

"To ai sai a gyara masa."

"'Yan bindiga sun tare su a hanyar gona bara. Da aka kwantar da gawarwakinsu a makaranta, ba fuskar da za ki iya ganewa. Na bi layi ina duba hannayen riga."

Mai saƙar ta sauke tirenta ƙasa.

"Yesu. Ki yafe mini, Mama. Ba ki da wani?"

"Akwai ƙaninsa, Meshak. Shi yake noma yanzu. Nasa na gama jiya, yana cikin jaka."

"Wannan dai kin auna daidai ko?"

"Na auna sosai. Na ƙara wa hagun tsawo."