Gam Daga Tunkuzar Gyaɗa

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Modu kafinta daga unguwar Fezzan.

Lokacin da rikici ya rufe hanyar Damaturu, gam ɗin katako ya yanke a kasuwa, ga bencinan makaranta ina haɗawa. Maƙwabciyata Ya Falmata, 'yar gudun hijira mai matsar man gyaɗa, ta ga aikina ya tsaya. Ta ce, "Modu, tunkuzata akwai danƙo, gwada mana."

Na shanya ta, na niƙa, na dama da ruwan kanwa. Gam ɗin ya riƙe katakon ƙam, na kai aikina. Amma da damina, bencin da ya jiƙe ya saki.

Masu sauraro, me zan ƙara wa gam ɗin nan ya jure ruwa? Ya Falmata na so mu mai da shi sana'a, marayu take ciyarwa.