Ragowar Maganin Inna

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sale, manomi daga wani ƙauye kusa da Makoda.

Bana da kaka, muna cirar gyaɗa, zazzaɓi ya kama matata Hinde. Rayuwa ta yi tsada, asibiti sai dole. Mahaifiyata, Inna, ta ɗauko ragowar kafson da ya warkar da ita bara, wanda take ta ɓoyo cikin kwalla, ta ce, "Sha, 'yata, ni ya yi mini."

Kafin la'asar leɓunan Hinde sun kumbura, jikinta duk borin jini, numfashi yana sarƙewa. Na ɗora ta a babur sai asibiti. Likita ya yi mata allura, ya ce jikinta ne bai karɓi maganin ba, da mun makara da sai dai haƙuri.

Jama'a, don Allah a daina rabon ragowar magani.

Hinde ta warke, alhamdu lillahi. Amma tun ranar Inna ko ruwa ta kasa miƙa mata. Malam, yaya zan lallashe ta?

Inna, na san rediyonki a kunne yake. Hinde ta ce kunun hannunki take marmari.