Sori Ba Ya Tsince Doya

A tashar motar Gwagwalada, wani mutum mai kwat ya bangaje wata dattijuwa, doyar da ta ɗauko a kafaɗa ta watse a ƙasa.

"Sori, Mama."

"Tsaya! Ina za ka?"

"Ai na ce sori."

"Na ji. Sorin naka hannu gare shi da zai tsince min doya?"

"Haba Mama, haƙuri fa na ba ki, ma'anarsa ke nan da Turanci. Sauri nake, Gwarinpa za ni."

"Kada ka koya min sori. Gwarinpa ka ce? Can gonar ubana take. Ranar da suka kawo katafila, mai riƙe da takarda sori ya ce mana, har da murmushinsa."

"Ni dai gida na saya, da takarduna."

"Zauna abinka a ciki. Amma a garinmu, wanda ya zubar shi yake durƙusawa. Sunkuya."

Ya durƙusa yana tsincewa.

"Har waccan ta ƙarƙashin mota."

"Mama, dubi yadda wandona ya ɓaci!"

"Ayya," in ji ta. "Sori."