Abincin Direban

A bencin masu ziyara na gidan yari, wata tsohuwa ta dubi kular abincin da wata malamar makaranta da ke gefenta ta rungume.

"Mijinki ne a ciki, 'yata?"

"A'a, Mama. Direban da ya kaɗe ƙanena ne."

"Ya rayu?"

"Bai rayu ba."

Tsohuwa ta ɗan ja jiki. "To ki sani, sai kin ɗanɗana a gaban gandiroba."

"Na sani. Ni loma ɗaya ba ta isar gandiroban, yana tsoron guba."

"Me ya kai ki?"

"Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu. Na duba ko ya cire direbobi, bai cire ba."

"Mahaifiyarki fa?"

Malama ta gyara murfin kular. Tambayar da take gudu kenan.

"Ta ce in na zo yau, kada in koma mata gida."

"Kin yafe masa kenan?"

"Tukuna. Ina girki ina kuka. Amma ba ya da kowa."

Gandiroba ya kira ta. Ta miƙe, kanta a sama.

Tsohuwa ta riƙo gefen zanenta. "In kin fito, ki jira ni. Ɗakina ƙarami ne, amma zai ɗauke mu."