Muryar Da Ba Ta Tela Ba

Assalamu alaikum. Da sunan Allah Mai rayawa, Mai kashewa.

Mai girma shugaban hukumar garinmu, mai girma wakilinmu a majalisa, kansilan unguwa, liman da dattawa, shugaban ƙungiyar teloli. Inna, mahaifiyar marigayi. Matarsa da 'ya'yansa. Maƙwabta, da ku matasan da ke tsaye a baya kuna ɗaga wayoyi: sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Ni ne mai kemis ɗin da ke jikin shagon Tela. Katako ne ya raba mu, shi ya sa na fi kowa shan surutunsa, shi ya sa kuma aka ce in yi magana. Na karɓa, amma na gaya wa masu shirya taro ban iya shafa wa magana mai ba.

Ya kasance tela, kuma bai taɓa kiran kansa ɗan jarida ba. Waya ce mai fasasshen gilashi yake jinginawa a gwangwanin maɓallai, ya danna ɗaukar bidiyo, ƙafa na kan keken ɗinki baki na aiki. Ya yi maganar kwatar da ta ci mana rabin layi. Ya yi maganar asibitin unguwa, inda likita zai rubuta magani a ce ka je waje ka nemo. Ni da nake cin ribar wannan ma bai ƙyale ni ba, yakan leƙo ya ce, "Mai kemis, yau marasa lafiya nawa gwamnati ta turo maka?"

Ya kasance ba ya haɗa ɗinki da gaba. Ranka ya daɗe kansila, ka tuna rigar da ka kawo masa ana tsakiyar rigimar kwata? Ya ɗinka ta tsaf, ya goge, ya miƙa maka da hannu biyu, ya ce, "Aljihun na ƙara masa zurfi, na san aikinka." Ka yi dariya, mu ma muka yi. Da yamma ya hau shafinsa na sada zumunta ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ya kasance bakinmu. Mu ne masu kai masa ƙorafi a kunne, shi ne mai faɗa a fili. To me ya samu? An ɗauko sojojin baka, yaran da ya ɗinka wa kayan makaranta, aka saya musu data suka kwana suka wuni suna zaginsa. Suka yi taron dangi suka kai ƙarar shafin har aka rufe, ya buɗe wani. Aka kwana da shi a ofishin 'yan sanda a kan hoton rami, ramin da har yau yana nan, da yawanku kun kauce masa a hanyar zuwa nan.

Duk wannan da sauƙi, yana raye aka yi masa, kuma ya rama da bakinsa. Abin da ke ci mana rai shi ne wanda aka yi bayan an rufe shi da ƙasa.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba sai ga wata murya tana yawo a wayoyi. Muryar Tela ce sak, har da ɗan tarin nan nasa. Wai yana kwance a gadon asibiti ana gobe zai rasu, yana cewa duk abin da ya faɗa ƙarya ce, biyansa aka yi, yana roƙon shugabanni su yafe masa. Shafin masu tallata hukuma ne ya fara sakinta. Matasa sun san yadda ake yi: a tattara tsofaffin maganganun mutum a zuba wa manhaja, ta koyi muryarsa, ta faɗi abin da aka rubuta mata. Wayyo, zamani! A da mamaci hutawa yake yi, yanzu har aikin siyasa ake sa shi.

Sai dai masu wannan aiki sun yi kuskure ɗaya, kuma rashin zumunci ne ya ja musu. Da ɗayansu ya taɓa taka ƙafa ya je dubiya, da ya san ciwon a maƙogwaro yake, da ya san tun da aka yi masa aiki Tela bai ƙara furta kalma ko ɗaya ba. Makonni yana kwance da bututu a wuya. Ruwa ma da yatsa yake nunawa. Ga matarsa nan, ga ma'aikatan jinya, a tambaye su.

Ranka ya daɗe shugaba, ban ce kai ka sa ba, Allah ne ya sani. Amma yaranka ne suka yaɗa. Ga abin magana nan, taso ka ce a goge, ka ce ƙarya ce. Kalma biyu ce, za mu jira.

To. Bai taso ba, jama'a kun gani.

Inna, yanzu gare ki nake, kuma da izinin surukarki. An ɓoye miki ya rasa murya, saboda hawan jininki da ƙafar da ta hana ki zuwa asibiti. Kullum kika ce a ba ki shi a waya sai a ce yana barci. Shi ya sa da muryar nan ta iso kika rungume ta, kika sa jikarki ta yi ta maimaita miki. An ce kin yi kuka kin ce, "Ashe ƙarya ya yi ta yi wa bayin Allah? Ni da wane baki zan roƙa masa gafara?" An ce tun ranar ba ki ƙara sa masa albarka ba.

Inna, wallahi ba ɗanki ba ne. Ɗanki bai janye ko kalma ɗaya ba, bai roƙi kowa ba. A ranarsa ta ƙarshe na sunkuya na ce, "Tela, me zan gaya wa Inna?" Ya motsa baki, babu abin da ya fito. Sai ya kamo hannuna ya ɗora a kansa, ya riƙe shi a nan, yadda kike yi masa in zai fita. Saƙon ke nan, ba shi da wani. Ki sa masa albarka, Inna, ita ya tafi yana jira.

Mun gode wa duk wanda ya zo don Allah. Wanda ya zo don a ɗauke shi hoto, an ɗauka, Allah ya kai shi gida lafiya.

Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka haskaka kabarinsa, ka raya abin da ya bari. Waɗanda suka sa masa magana a baki ranar da ba shi da bakin kare kansa, mun bar su da kai. Ka sanyaya zuciyar wannan tsohuwa, ka karɓi albarkar da take sa masa yanzu da hannunta a sama. Amin.